Gwangwanin Malam Boaz

Duk wanda ya yi sakandare a Dutse a shekarun farko na Jihar Jigawa ya san Malam Boaz, in ma bai san shi ba to ya san gwangwaninsa. Gwangwanin madarar gari ne, irin babban nan, fentinsa ya goge saboda riƙo, an ɗaure murfinsa da robar tayar keke. Tun daga bakin ƙofar makaranta ake jin abin da ke ciki yana kacau-kacau, sai ɗalibai su gyara zama su ce ga Malam nan tafe.

Abin da ke ciki kuwa bakunan ƙaho ne. Ƙahon badujala, irin mai maɓalli ukun nan, yana da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ake cusa masa, a nan mai busa yake ɗora leɓe. Shi ake ce wa baki. In aka cire shi, ƙaho ya zama bututu kawai, sai dai a ɗura kalanzir da shi. Da zarar an tashi daga koyo, Malam Boaz zai bi ƙahonin makaranta ɗaya bayan ɗaya ya zare bakunansu, ya zuba a gwangwani, ya tafi da su gida. Saboda haka babu mai busa ko da "fuu" a makarantar nan sai yana tsaye a wurin.

Mutumin Pankshin ne. Ya gudu daga gonar ubansa yana ɗan shekara goma sha biyu ya liƙe wa 'yan badujalar cocinsu, tun yana ɗaukar musu kaya har aka ba shi ƙaho. Daga nan ya yi kwalejin malamai, ya koyar da kiɗa a Kano, har ranar da aka yanke sabuwar jiha aka raba ma'aikata, ya tsinci sunansa a takardar masu tafiya Dutse. Garin a lokacin bai shirya wa baƙi ba, an dai wayi gari ne aka ce masa shi ne babban birni. Manyan ma'aikata suna kwana a ofis, ƙanana a aji. Shi da matarsa Hephzibah suka samu ɗaki ɗaya a gindin duwatsu. Maƙwabta suka gwada sunanta sau biyu harshensu ya ƙi, suka koma ce mata Maman Becky, da sunan 'yarsu, ita kuma ta kafa tukunyar tuwo kusa da ofisoshin gwamnati, ta fi mijin saurin yin suna.

Gaskiya dai ɗaya ce, mutumin ya iya busa. In ya ɗaga ƙaho ranar fareti, har 'yan acaɓa suna kashe babur su saurara. Matsalarsa ita ce shi ma ya san ya iya. Yadda yake koyarwa shi ne ya tsaya a gaba ya busa da iyakar ƙarfinsa, yara su biyo shi a baya, duk wanda ya yi kuskure ƙarar Malam ta rufe shi. Shi ne malami, shi ne madugu, shi ne kuma rabin ƙarar. In aka tambaye shi dalilin ɗauke bakuna, sai ya ce yara za su ɓatar, ko su koyi busar banza a bayan idonsa ta zame musu jiki. Maman Becky ta sha gaya masa cewa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, Jigawa gaba ɗaya sai ta yi shiru. Shi kuwa yana ɗaukar maganar a matsayin yabo.

A haka aka yi shekara tara, har daminar shekarar dubu biyu, lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jihar. Makaɗa da yawa suka rataye kalangu, gidajen biki suka yi tsit. Wasu daga cikin 'yan cocinsu suka fara tura iyali gida su ga yadda abin zai kaya. Malam Boaz bai tura kowa ko'ina ba, tunaninsa ɗaya ne, shin ƙaho yana cikin abin da za a hana ko ba ya ciki.

Ba a daɗe ba daraktan da ke kula da makarantunsu ya kira shi ofis. Ya ce akwai masu cewa badujalar makaranta ma ai kiɗa ce, shi kuma ya tsaya a kan cewa horo ne irin na soja, ba sharholiya ba. An yarda a bari a gani a faretin ranar ɗaya ga Oktoba. Za a haɗa 'yan badujalar makarantu huɗu su zama ƙungiya ɗaya, na Dutse da Ringim da Taura da Buji, malamansu uku su koma ƙarƙashin Malam Boaz. In abin ya fito da tsari, badujala ta zauna. In ya fito kamar taron 'yan talla, a kulle kayan a sito, a ba malaman wasu darussan. Shi Malam Boaz an riga an duba masa, aikin gona zai koyar. Mutumin da ya gudo daga gona tun yana yaro ya fito daga ofishin nan gumi na karyo masa.

Malaman uku suka zo Dutse aka yi zaman farko. Akwai Mala na Ringim, malamin motsa jiki, ɗan masuntan Haɗeja, mai faɗin ƙirji, wanda ya koyi busa da kansa saboda babu wanda zai karɓi kayan a makarantarsu. Akwai Madam Cecilia ta Taura, mai koyar da waƙa a rubuce, wadda take jagorantar mawaƙan cocinta ranar Lahadi, ba ta ɗaga murya amma ba ta janye magana. Sai Malam Sharhabilu na Buji, malamin Larabci, wanda aka ɗora wa ganguna don an san ya taso yana buga mandiri a wurin zikiri. Kowannensu ya zo da shawara a bakinsa.

Malam Boaz bai tambayi shawarar kowa ba. Ya ajiye gwangwani a kan tebur ya ce kowa ya kawo bakunan makarantarsa. Ya ce daga yau shi zai riƙa zagayawa da su, Litinin Dutse, Talata Ringim, Laraba Taura, Alhamis Buji. Madam Cecilia ta yi masa lissafi a hankali, ta nuna masa cewa kowace makaranta za ta riƙa koyo sau ɗaya ne a mako, sauran kwanakin yara su zauna suna kallon bututu. Ya ce sau ɗaya a gabansa ya fi sau goma a bayansa.

Mala ya ce, "Oga, ka bar mana ko guda biyu mu riƙa ɗumama leɓe."

"Malam Mala, ƙaho ba ƙwallo ba ne da kowa zai sa wa ƙafa," in ji Malam Boaz, ya ɗaure murfi da robarsa.

Haka ya yi mako uku yana yawo a motocin haya, gwangwani a cinya. Ya rame, ya yi baƙi, amma yana jin daɗi, domin a garuruwa huɗu babu mai busa sai ya iso.

Wata Alhamis, saura mako biyar fareti, yana zaune a tasha yana jiran motar Buji ta cika, ya sayi busasshen dabino, irin na Dutse mai taurin nan. Ya kai ɗaya baki ya gatsa da haƙoran gaba. Ya ji wani ƙas, ya ciro dabinon ya duba, sai ga haƙorinsa a tsaye a jiki. Ya daɗe yana kallonsa, har kwandasta ya tambaye shi ko tsutsa ya gani. Bai je Buji ba ranar. A asibiti aka ce masa na kusa da shi ma girgiɗi yake, shekara talatin ana danna musu ƙarfe sun gaji, aka cire shi ma.

Mai busa ƙaho a kan haƙoran gaba yake jingina leɓe. Da bakin ya warke, ya zaga bayan gida ya gwada. Iska ce kawai ta fita, ko kajin Maman Becky ba su ɗaga kai ba. Ya shiga mota ya tafi Kano aka yi masa haƙoran roba, ya dawo da murnarsa ya sake zagawa bayan gida. Busar farko suka suɓuce suka faɗo a kan takalminsa. Ya ɗauka ya goge, ya zauna a kan turmi, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Sai ya aika wa makarantu cewa ciwon maƙogwaro ya kama shi. In zai fita sai ya rufe baki da hankici. Mako biyu gwangwani yana ƙarƙashin gado. Maman Becky ta ce ya ba direban Ringim ya kai wa Mala, ya ce ba a haifi direban ba tukuna. Ta ce to ya je ya gaya wa darakta gaskiya, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Da ta gaji, tana kwashe tuwo ba ta ko dube shi ba ta ce, "Baban Becky, ni dai na san haƙorinka ne ya fita, ban ji an ce na yaran mutane ma sun zube ba. In fatanya kake so in saya maka, ka faɗa tun da wuri."

Maganar fatanya ce ta tashe shi. Washegari Juma'a, ranar da ba ta kowa ba a jadawalinsa, ya ɗauki gwangwani ya hau motar Ringim, ba tare da ya san abin da zai je ya ce ba. Ya sauka ya bi hanyar makaranta a ƙafa. Yana kusa da katanga sai ya ji taken ƙasa yana tashi daga ciki, da ƙahoni da ganguna. Ya tsaya cak. Ya girgiza gwangwanin da ke hammatarsa, ya ji kacau-kacau, yana nan a cike.

Ya laɓaɓa ta bayan wani aji ya leƙa. A ƙarƙashin darbejiya ga Mala, ga Madam Cecilia da ɗalibanta daga Taura, ga Malam Sharhabilu ya taso tun daga Buji da 'yan gangarsa. Daga baya ne ya ji yadda aka yi. Ranar da aka tattara bakuna, Mala ya ɓoye ɗaya a cikin hularsa. Da Oga ya ɓace, sai ya kai shi wurin wani maƙeri a kasuwar Ringim mai zubin tukwane da ludaya, aka narka tsohuwar tukunyar alminiyom aka zuba guda takwas. Bakunan sun fito da kaushi, suna yankar leɓe, yaran duk bakinsu ya kumbura, amma suna busawa.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tsaya a wurin yana shirya kalmomin da zai wanke su da su, yana zaɓar waɗanda za su fita ba tare da haƙoran gaba ba. Zaɓen ya ɗauki lokaci, kuma kafin ya gama an sake ɗaukar taken daga farko, ya ji shi har ƙarshe. Ya ji sahu na biyu suna gaggawa kamar ana korarsu. Ya ji gangunan Malam Sharhabilu suna rangaji irin na zikiri maimakon takun soja. Ya ji 'yan Taura ba sa kuskure ko ɗaya amma suna busawa kamar masu jin kunyar suruki. Shekara ashirin yana gaban 'yan badujala, bai taɓa jin irin waɗannan abubuwan ba, domin kullum ƙahonsa ne cike da kunnensa. A saman duka kuma akwai ƙaho ɗaya mai fita tas, da ƙarfi, ba rawar murya. Na Mala ne. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, don ya so ya samu aibu a ciki ya rasa.

Ya fito fili. Busa ta tsinke a tsakiya, yara suka ɓoye ƙahoni a bayansu. Mala ya cire hula ya fara ba da haƙuri, yana cewa laifinsa ne shi kaɗai, kada a sa sunan kowa. Malam Boaz ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya sauke hankicin, ya buɗe baki ya nuna musu. Malam Sharhabilu ya yi salati kamar an kawo masa labarin rasuwa. Madam Cecilia ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta suna rawa.

"Ku yi dariyarku ku gama," in ji shi, maganar tana fita da ɗan fito. "In kun gama ku sake daga farko. Sahu na biyu, wa yake binku da bulala?"

Sannan ya kwance robar, ya kifa gwangwanin a kan benci. Bakuna suka gangaro, kowane malami ya tsinci nasa ya ƙirga, shi kuma ya juya baya don kada ya gani. Bakunan maƙeri kuwa, ya ce a tara a mayar masa ya yi ludayi da su.

Mako ukun da suka rage sun ba shi wuya fiye da rashin haƙorin. Bai san abin da zai yi da hannayensa ba, har Mala ya yanko masa reshen darbejiya ya fere ya ba shi. Ya ga Madam Cecilia tana rubuta sauti a allo yara suna kamawa a kwana biyu abin da shi yake kwashe zango guda yana cusa musu, ya ce ai dama ya san da wannan hanyar, lokaci ne bai samu ba. Ta ce haka ne, Oga. Ya yi rigima da Malam Sharhabilu a kan taku har sau uku, wanzami dai ba ya son jarfa, kowannensu yana ganin shi aka raina. A ƙarshe suka yi maci su biyu a filin ƙwallo, ɗaya da kwat ɗaya da babbar riga, har sawunsu ya daidaita, ɗalibai suna leƙe ta taga. Kuma Malam Sharhabilun nan ne ya tari wani dattijo da ya zo ƙorafi a Buji, ya zaunar da shi a inuwa, ya yi masa bayanin gangar yaƙi da ta biki har mutumin ya tafi yana sa albarka. Malam Boaz da kansa ya yarda cewa da shi aka tarar, da ba a rabu lafiya ba.

Abu ɗaya ne bai saki ba. Nasa bakin, mai ruwan azurfa, wanda limamin cocinsu ya ba shi a Pankshin, bai taɓa shiga gwangwani ba, a aljihun ƙirjinsa yake kwana. Ƙahon Mala na makaranta kuwa yana da lotsawa a gefe, maɓalli ɗaya yana maƙalewa. Malam Boaz ya ga haka tun makon farko, ya yi kamar bai gani ba.

Da safiyar fareti, ana jera yara a bakin fili, ya kira Mala gefe. Ya miƙa masa akwatin ƙahonsa, ya zaro bakin daga aljihu ya ɗora a kai. Mala ya ja da baya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa.

"Karɓi kafin in canza ra'ayi. In ka gama ka wanke shi da ruwan zafi, na san kifin da kuke ci."

Fili ya cika. Manya suna cikin rumfa, a gefe guda ga malaman addinin da aka gayyato su ga ko horo ne ko sharholiya, sun zauna fuskarsu ba yabo ba fallasa. Malam Boaz ya tsaya a gaban yara sittin da reshen darbejiya. Ya ɗaga, ya sauke, taken ƙasa ya tashi. Sahu na biyu suka so su ruga, ya harare su suka dawo. Ganguna suka taka daram. Sautin ƙahonsa ya fito daga damansa, a bakin wani, ya haye saman fili, shi kuma yana tsaye bakinsa a rufe. Ya ji daɗi, ya ji kishi, bai san wanne ya fi yawa ba. Da aka zo maci, har ɗaya daga cikin malaman gefe aka gani yana taka ƙafa a ƙarƙashin riga.

Bayan an watse darakta ya aiko a kira shi. An zaunar da daraktan ne a can baya, bayan manyan riguna, bai ga komai ba sai dai ya ji. Ya kama hannun Malam Boaz da hannu biyu, ya ce magana ta ƙare, badujala ta zauna, babu mai zuwa gona.

"Amma Malam Boaz, shekara tara ina jin busarka, wallahi ban taɓa jin ta yi daɗi irin ta yau ba."

Da Malam Boaz ya rufe baki ya gyaɗa kai, da shi ke nan, babu mai tona shi. Mala yana can nesa yana goge ƙaho, Madam Cecilia ta ɗauke kai tana kallon sama. Sai Malam Boaz ya yi murmushi har kunne, darakta ya ga giɓin ya saki hannunsa.

"Ranka ya daɗe, ban busa ba. Mala ne."

"To kai me ka yi?"

"Na tsaya na ji su."

Da ya koma gida ya ajiye gwangwanin a kan tebur, babu komai a ciki. Maman Becky ta ɗauka ta jijjiga, ta wanke shi, washegari ta zuba daddawa ta tafi da shi wurin tuwonta. Bai tambaye ta ba.

Ya ƙara shekara bakwai yana shugabantar malaman kafin ya yi ritaya, kuma a lokacin sun kai tara. Bai daina faɗa ba, bai kuma taɓa yarda cewa Mala ya kai shi ba, iyaka dai ya ce yaron yana ƙoƙari, alhali Mala yana da 'ya'ya biyar. Ɗaliban waɗannan shekarun ba su san kacau-kacau ba. Su abin da suka sani shi ne ba a jin tahowar Malam Boaz, sai dai ana cikin busa wani ya ɗaga kai ya hango shi tsaye a bayan aji, hannunsa ɗaya a kan aljihun ƙirji, ya karkata kunne yana saurare.